Kyamarorin Baba: gwanjo ko tsayayyen farashi?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu ya rasu bara. Mai ɗaukar hoto ne tun yana saurayi, kuma ya bar mana kyamarori irin na da masu cin fim, da gilasan da ake ɗaura musu a gaba, da tarkace kwali-kwali: jakunkuna, fitilun hoto, igiyoyi, murafe. Muka zauna da Mama da Yayana muka amince a sayar a intanet, kuɗin ya tafi hannun Mama, domin akwai babbar hidima a gabanta nan da wata biyu. Ni aka ɗora wa aikin saboda ina da asusu a eBay, shafin saye da sayarwa.

Na fara sa kyamara uku da tsayayyen farashi, suka daɗe ko tayi ba a yi ba. Yaya ya ce ɓata lokaci nake yi, a zuba komai a gwanjo, a fara da ƙaramin kuɗi, cikin mako guda a gama. Da ya matsa, na sa gilashi ɗaya. Mutum ɗaya tak ya taya, ya ɗauke shi a kuɗin da na fara da shi. Daga baya na ga an sayar da irinsa ninki uku. Ranar kuka na yi. Yaya ya ce kasuwa ce ta yanke, wai kuma ni ce ba na son rabuwa da kayan, shi ya sa nake tsawwala kuɗi. Ni kuma gani nake so yake a watsar da gumin Baba. Yanzu ma cewa yake idan mun sa gwanjo, abokinsa zai riƙa tayawa don farashi ya tashi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wace hanya ce daidai, kuma yaya zan yi da Yayana?

Wata ƙanwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashinsa. Kukan da kika yi a kan gilashin nan ban ga laifinsa ba. Abin da hannun mahaifi ya riƙa gogewa shekara da shekaru, a ce ya tafi a sulusin darajarsa, dole zuciya ta sosu. Amma bari in faɗa miki tun da wuri: ke da Yaya kowa na riƙe da rabin gaskiya, kowa kuma yana son ya shimfiɗa rabinsa a kan dukan kayan. Kayan kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma ba hanya ɗaya za ta dace da su ba.

Mu fara da gilashin, domin sai kin gane abin da ya same shi za ki daina zargin kanki, ki kuma daina tsoron gwanjo baki ɗaya. A eBay mai tayi yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne a ɓoye, sai na'ura ta riƙa taya masa, tana ƙara ɗan abin da zai sa shi a gaba kawai. A ce kin fara da 20. Wani ya rubuta 100 a ɓoye, wani ya rubuta 60. Mai 100 ne zai ci, amma 60 da ɗan ƙari zai biya. Idan kuwa mai 60 bai zo ba, mai 100 zai ɗauki kayan a 20, ke kuma har abada ba za ki san a shirye yake ya biya ninki biyar ba. Ma'ana, kuɗin da gwanjo ke kawo miki mutum na biyu ne ke yanke shi. Na farko yana cin kaya, na biyu ne ke tura shi ya biya. Duk lokacin da kika sa gwanjo da ƙaramin kuɗi, amanar dukiyarki kika ba wa wani mutum na biyu da ba ki da tabbacin zai zo a cikin kwanakin.

Don haka maganar Yaya cewa kasuwa ce ta yanke, ba haka take ba. Kasuwar ba ta ma ci ba. Mutum ɗaya ya zo, ya tarar da ƙofa a buɗe, ya shiga. Shi ma mai sayen bai cuce ki ba, ya biya abin da aka rubuta. Darasin da ke ciki ɗaya ne, kuma shi zai tsare ki nan gaba: kuɗin da kika fara gwanjo da shi, ki ɗauka shi ne za a biya ki. Idan ba za ki iya sallamawa a kansa da daɗin rai ba, kada ki rubuta shi.

Yanzu sai ki yi haƙuri in juyo kanki, domin Yaya ma ya taɓo wani abu. Kyamara uku sun yi kwantai, ko tayi babu. Daga ina kika samo farashin da kika sa musu? Yawancin masu farawa suna duba abin da sauran masu sayarwa suka rubuta a kan irin kayan, su kwaikwaya. Amma waɗancan farashin buri ne, wasunsu sun shekara a shafin ba wanda ya taɓa su. Farashin gaskiya yana wani wuri. Idan kika nemi sunan kyamarar a eBay, akwai inda za ki tace sakamakon ya nuna miki waɗanda aka riga aka sayar kaɗai, na kusan kwana 90 da suka wuce, da kuɗin da aka biya, da ko ta gwanjo aka sayar, da yawan tayin da aka yi. Nan ne kasuwa ke magana. Ki duba irin taki sak, mai irin lafiyar taki, ki bar mafi tsada da mafi araha, ki kalli inda yawancinsu suka taru. Ina kyautata zaton za ki tarar kin ɗora sama da haka.

Idan haka ne, kada ki ji kunya, kuma kada ki ɗauka Yaya ya yi nasara a kanki. Halin ɗan Adam ne. A 1990 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun buga sakamakon wani gwaji: aka raba wa wasu ɗalibai kofuna, aka bar wasu hannu wofi, aka ce su yi ciniki. Waɗanda suka samu suka nemi wajen ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofi ne fa da bai yi awa guda a hannunsu ba. To ina ga kyamarar da ta ɗauki hoton yarintarki? Ke kina ganin Baba a jikinta. Mai saye kuwa ƙarfe da gilashi yake gani, kuma kuɗin ƙarfe da gilashi zai biya. Abin da ya rage tsakanin farashin biyu naki ne, ba na sayarwa ba ne, ba kuma wanda zai iya biyan sa.

Shi ya sa kafin a yi maganar gwanjo ko farashi, ina so ku fara ware abin da ba za a sayar ba. Ki zaɓi guda, Yaya ya zaɓi guda, a tambayi Mama ko akwai wadda take son ta ci gaba da gani a ɗakinta. Ba sai mafi tsada ba. Wadda aka fi ganinsa da ita a wuya. Idan akwai fim a cikin wata kyamarar, kada a buɗe bayanta, haske zai ƙone shi. A naɗe shi a ciki tukuna, a kai a wanke. Na yi imani idan kina da wadda kika san ta zama taki, hannunki zai saki sauran cikin sauƙi, farashin ma zai sauko da kansa.

Sauran kuma sai a duba su ɗaya-ɗaya da tambaya biyu: shin an san kuɗinsa? Shin akwai mutane da yawa da ke nemansa a lokaci guda?

Ba ki faɗi sunayen kyamarorin ba, amma mai hoto na zamanin Baba da wuya a rasa irin su Canon AE-1 ko Pentax K1000 a kayansa. Duka biyun a 1976 suka fito, ita K1000 ma an ci gaba da ƙera ta har 1997, kuma miliyoyinsu aka yi. Irin waɗannan kullum ana sayar da su, masu koyon hoton fim suna nemansu, kuɗinsu sananne ne. Ba abin da gwanjo zai gano miki a kansu wanda ba ki gani ba a jerin waɗanda aka sayar. Mai saye kuma ba zai zauna jiran kwana bakwai ba alhali ga wasu da dama da zai danna ya saya yanzu. Waɗannan na tsayayyen farashi ne. Ki sa su a tsakiyar abin da kika gani, ki buɗe damar a yi miki tayi, ki kuma saita wa shafin iyaka biyu: tayin da ya kai kaza ya karɓa da kansa, wanda ya gaza kaza ya ce albarka da kansa. Wannan na ƙarshen alheri ne gare ki musamman, domin ba za ki riƙa buɗe waya kina cin karo da tayin wulaƙanci a kan kayan mahaifinki ba. Akwai kuma zaɓin da ke tilasta wa mai saye ya biya nan take kafin kayan su zama nasa. Ki kunna shi.

Ba ke kaɗai za ki bi wannan hanyar ba. Da gwanjo Pierre Omidyar ya kafa shafin a 1995, sai a 2000 aka ƙara maɓallin saye nan take, yau kuwa mafi yawan kayan da ke kai da tsayayyen farashi suke. Wasu masana tattalin arziki huɗu, cikinsu akwai Liran Einav da Jonathan Levin na jami'ar Stanford, sun bibiyi cinikin shafin suka buga abin da suka gano a 2018. Idan aka gwada kaya iri ɗaya, wanda aka sa a gwanjo ya fi saurin samun mai saye, amma a kan kuɗi ƙasa da na tsayayyen farashi. Sun kuma ga cewa sababbin masu sayarwa da masu kayan da ba su da tamka ne suka fi karkata ga gwanjo. Kin ga rabin gaskiyar Yaya da rabin taki a waje ɗaya: shi yana da gaskiya cewa kayan za su tafi, ke kina da gaskiya cewa za su tafi da ragi. Ragin nan shi ne kuɗin da ake biya don sauri. Wani lokaci ya cancanci a biya shi, wani lokaci asara ce kawai.

Zan yi wa Yaya adalci a nan, domin labarin da ke kansa ba ƙarya ba ne. Gwanjo yana iya zafi har mutane su manta kansu. Ulrike Malmendier da Young Han Lee sun nuna a 2011 cewa a gwanjon wani kayan wasa a eBay, kashi 42 cikin 100 sun ƙare sama da kuɗin da ake sayar da shi da tsayayyen farashi a shafi ɗaya, a lokaci ɗaya. Amma hakan na faruwa ne inda masu tayi suka taru. Sa'a ce da ke zuwa, ba a gina hidimar Mama a kanta.

Ina gwanjo ke da amfani ke nan? Inda kayan ke da masu nema da yawa, amma kuɗinsa na lilo sosai saboda kowane ɗaya da irin lafiyarsa da tarihinsa. Idan kika ci karo da suna irin Leica, ko Rolleiflex mai ido biyu, ko wani gilashi da kika ga an sayar da irinsa da tayi ashirin ko talatin, to ki dakata. Kada ki sa shi ko ta wace hanya sai kin rubuta lambar da ke jikinsa, kin nuna wa wanda ya san kyamarori, mutum biyu in da hali, kuma waɗanda ba su ne za su saya ba. Leica M3, misali, tun 1954 ta fito, kuma tsakanin wadda ta sha wuya da wadda aka adana akwai rata mai faɗi. Irin wannan ne gwanjo ke iya kai wa inda ke ba za ki yi ƙarfin halin rubutawa ba. Ki fara da mafi ƙarancin abin da ke da Yaya kuka yarda, ki ba shi kwana 7 ko 10 don masu nema su gan shi, ki daidaita ya ƙare da yamma a ƙasar da masu sayen suka fi yawa, lokacin da mutane ke gida da waya a hannu. Kuma kada ki sa manyan kaya biyu masu kama da juna a mako ɗaya, za ki raba masu tayinki gida biyu.

Akwai tarko ɗaya a nan da nake so ki lura da shi sosai. Abu ya yi ƙaranci daban, a riƙa nemansa daban. Wani gilashin ba kasafai ake ganinsa ba, amma masu son sa a duniya ba su da yawa, kuma ba lalle ko ɗayansu ya leƙa shafin a makon da kika sa ba. Wannan shi ne mafi haɗarin abin da za a sa a gwanjo, kuma ina zargin gilashinki na cikinsu. Alamar ita ce: a jerin waɗanda aka sayar za ki ga ɗaya ko biyu kacal a wata uku, da kuɗi mai kyau, galibi da tsayayyen farashi. Irin wannan haƙuri yake so. A sa masa kuɗinsa, a bar shi. Tallar tsayayyen farashi tana sabunta kanta kowane wata har sai an saya ko kin cire. Kada a sa shi cikin lissafin wata biyun nan.

Wani zai ce miki ki fara da ƙaramin kuɗi amma ki sa ɓoyayyar iyaka, wadda idan tayi bai kai ta ba ba a sayar ba. Akwai wannan tsarin, sai dai ana biyan kuɗinsa ko kaya ya tafi ko bai tafi ba, kuma masu tayi da yawa suna ja da baya idan suka ga an rubuta cewa ba a kai iyaka ba. Ni na fi son ki bayyana ƙarancinki a fili. Idan kuma gwanjo na tafiya kika ga kwanaki sun shuɗe farashi bai motsa ba, kada hankalinki ya tashi. Da yake a eBay lokaci na cika ake rufewa, ƙwararrun masu saye sukan ɓoye har daƙiƙun ƙarshe kafin su jefa tayinsu. Yawan masu bibiyar kayan zai fi gaya miki gaskiya. Ki kuma sani, idan an riga an taya kuma saura ƙasa da awa 12, ba ki da ikon janyewa, sai dai ki sallama wa wanda ke gaba.

Tarkacen kwalayen nan kuwa, a nan Yaya ke da gaskiya ɗari bisa ɗari. Murafe, igiyoyi, jakunkuna, fitilun da ba a san ko suna kamawa ba, kyamarorin da suka mutu: idan kika ce za ki ɗauki hoton kowanne, ki rubuta bayaninsa, ki aika shi shi kaɗai, wahalarki za ta fi kuɗin. Ki haɗa su kashi-kashi bisa kamfani, na Canon waje ɗaya, na Nikon waje ɗaya, ki baza su ki ɗauki hoto mai haske, ki sa gwanjo. Masu gyara da masu neman kayan gyara suna farautar irin wannan. Kada ki jefar da matacciyar kyamara. Ɗaya daga cikin abubuwan farko da aka sayar a shafin ma wata 'yar fitilar nuni ce da ta lalace, a kan dala 14.83. Ki dai rubuta a fili cewa ba ta aiki.

Maganar abokin Yaya kuwa, a'a. Ba na so ki yi sassauci a nan ko kaɗan. Mutumin da ba shi da niyyar saye ya riƙa tayawa don a tatsi wanda ke da niyya, ha'inci ne. Dokar eBay ta hana, suna bibiyar asusun da ke da alaƙa da juna, kuma asusunki ne za a rufe da sauran kayan a ciki. A ƙasashe da dama laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Ko ta fuskar riba ma ba wayo ba ne, domin abokin na iya wuce mai sayen gaske ya ci gwanjon, ku wayi gari da kayanku a hannu da rigimar soke ciniki. Ki faɗa wa Yaya da ladabi cewa kuɗin nan hannun Mama za su, kuma ba kya son ko kaɗan daga cikinsu ya zama hakkin wani. Ban yi tsammanin zai yi musu da wannan ba. Tsoron kada a sake maimaita abin da ya faru da gilashin ne ya kawo masa tunanin, wanda ke nuna shi ma abin ya taɓa shi, ko da bai furta ba.

Ina so ki tsaya a kan wannan. Kin karanta gaggawarsa a matsayin rashin damuwa. Wataƙila haka ne, amma akwai wata fassarar. Wasu idan suka yi rashi sai su rungume kayan mamaci, wasu kuma ganin kayan ne ke hana su barci, so suke a kawar don su samu su numfasa. Ga kuma ranar hidimar Mama tana matsowa, shi ne babba, shi za a kalla idan kuɗi ba su haɗu ba. Ba na wanke shi daga maganar da ya faɗa miki, ta yi kaifi. Amma ke ma idan kin furta masa cewa watsar da gumin Baba yake son yi, kin soke shi a inda ya fi ciwo. Ke ce ƙarama, ki fara. Ba sai kin ce kin yi kuskure a kan farashi ba. Ki ce masa: "Yaya, na san Mama kake tunani. Na zauna na duba abin da ake sayar da kayan nan da gaske, ina so mu duba tare." Ki je da takarda a hannu, sunan kowace kyamara da kuɗin da irinta ta tafi. Lambobi sun fi sauƙin tattaunawa a kan zargi.

A zaman nan ku fara tambayar Mama nawa take bukata kuma yaushe, domin ina ganin ku biyun kuna faɗa a kanta ba tare da kun ji ta bakinta ba. Mai yiwuwa rabin kayan sun isa hidimar, sauran su jira kasuwarsu. Sannan ku rubuta wa kowane babban kaya mafi ƙarancin kuɗinsa, ku biyu ku amince kafin a sa shi. Idan an yi haka, duk yadda ciniki ya kaya, ba mai cewa ɗan'uwansa ne ya jawo. Ku yi lissafin da abin da zai shigo hannu, ba abin da aka rubuta a shafi ba. A shafin Amurka la'adar yawancin kaya ta ɗan haura kashi 13 cikin 100, kuma a kan jimillar abin da mai saye ya biya ake cirewa, har da kuɗin aikawa. A Jamus da Birtaniya an ɗauke wa masu sayar da kayan kansu wannan la'adar, don haka ki duba ƙa'idar ƙasar da asusunki yake. Ki ƙara kuɗin kwali, da abin naɗewa, da inshorar manyan kaya.

Lokaci kuma daga baya za ku ƙirgo shi. Ciniki ba ya zama kuɗi ranar da aka yi shi. Wanda ya ci gwanjo yana da kwana 4 ya biya, wani ma ba ya biya, sai an soke an sake sawa ko an miƙa wa na biyu. Sabon mai sayarwa akan riƙe masa kuɗi na ɗan lokaci, mai saye kuma yana da kwana 30 bayan kaya sun isa ya yi ƙorafi idan ba yadda aka kwatanta ba ne. Saboda haka ga yadda zan so wata biyun ya kasance. Makon farko na warewa da bincike ne, a kuma sa tarkacen a gwanjo nan da nan don Yaya ya ga abu na motsi. Sanannun kyamarorin su samu mako uku da tsayayyen farashi, duk mako kina ɗan ragewa idan shiru. Wadda ta kai ƙarshen mako na huɗu ba ta tafi ba, ta shiga gwanjon kwana 7 a kan ƙarancin da kuka rubuta. Sauran makonnin a bar wa biya da aikawa. Ke kin samu damar gwada farashinki, shi ya samu ranar da ya san za a gama. Ki kuma ba shi aiki a ciki, ko naɗe kaya da kai su wajen aikawa, domin wanda ya ɗauki kyamarar a hannunsa ya naɗe ta ba zai sake kiran ta tarkace ba.

Wajen rubuta bayani, gaskiya ce ke kare ki. Ki haska fitila ta cikin kowane gilashi. Tsofaffin gilasai sukan yi hunhuna ko hazo a ciki, kuma shi ne abu na farko da mai saye zai duba. Idan akwai, ki faɗa, ki ɗauki hotonsa. Idan ba ki gwada kyamara da fim ba, ki rubuta ba a gwada ba. Kuɗin zai ɗan ragu, amma ya fi a dawo miki da kaya bayan an kashe kuɗinsa.

Idan kika ga duk wannan ya fi ƙarfin zuciyarki a yanzu, akwai wasu ƙofofin, kuma bin su ba gazawa ba ne. Akwai kamfanonin da ke sayen tsofaffin kyamarori kai tsaye, kamar KEH a Amurka. Za su biya ƙasa da abin da za ki samu da kanki, tunda su ma riba za su nema, amma kuɗi ne tabbatacce cikin ɗan lokaci, ba mai dawo miki da kaya. Akwai kuma shafukan gwanjo irin su Catawiki na ƙasar Holan, inda masana ke duba kaya kafin a sa, masu tara kayan tarihi kuma suke taruwa. Idan suna karɓa daga inda kike, manyan kayan za su fi samun mutum na biyun nan a can. Ko ba ki sayar wa kamfani ba, ki nemi tayinsu, domin shi ne zai zama ma'aunin ƙarancinku: duk abin da gwanjo ba zai wuce shi ba, bai cancanci wahalar ba.

Idan kuwa kin yi duk wannan Yaya ya dage sai gwanjon komai, kada ki bari maganar ta kai ku ga daina gaisuwa. Ku raba aikin a gaban Mama. A kimanta kayan bisa abin da aka sayar da irinsu, a ba shi kashi ya sayar yadda ya ga dama a asusunsa, ke ki riƙe kashi ki bi taki hanyar, kuɗin duka su haɗu a hannunta. Sharaɗi biyu kawai za ki riƙe: manyan kayan da ba a tantance ba su tsaya har masani ya gan su, kuma abokinsa ba zai taya ko sau ɗaya ba. Ki rubuto mini sunayen kyamarorin da lambobinsu idan kin gama warewa, mu duba waɗanda ya kamata a kai wa masani tukuna.